Wushiryar da Na Sayo a Maigatari

Salamu alaikum 'yan uwa mata, har da mazan da ke laɓewa su karanta sannan su ce su ba sa karanta irin wannan. Na ga saƙonninku, masu tambaya ko aure ne ya ɓoye ni sati uku. Ba aure ba ne, haƙori ne. Kuma kafin wata ta rubuto mini in sa kanumfari, ki huta 'yar uwa, na sa har bakina ya koma ƙamshin tukunyar shayi. Yau zan gaya muku abin da na ɓoye wa kowa wata biyar.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Juwairiyya, shekarata ashirin da takwas. Ina zaune a Gagarawa tare da kakata, Iya, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Mahaifiyata ta yi wani auren a Ɗanzomo, daga salla sai salla nake ganinta. Sana'ata kantun riɗi, in soya in yanka in ƙulla a leda, masu shaguna su aiko a ɗauka. Gidanmu ɗaki biyu ne da rumfa, sai darbejiya guda a tsakar gida. Idon Iya ya yi yana, inuwar mutum kawai take gani. Tun da aka kai ƙanwata Rahama ɗakinta a Sule Tankarkar bara, sai in wuni ban furta komai ba banda "Iya ga ruwan alwala" da "Iya ga tuwo".

Baffa Ubale, ƙanin mahaifina, duk Juma'a in ya zo gaida Iya sai ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "To Juwairiyya, har yanzu dai shiru?" Ba ya faɗa, ba ya zagi. Da ma zagin yake yi, da na sami abin da zan yi wa kuka. Ita kuwa Iya maganarta ɗaya ce, tana so ta shafa gadon ɗakina da hannunta kafin Allah ya yi ikonsa.

Ana cikin haka Abdulfatah ya ɓullo. Mijin Rahama ne ya ba shi lambata. Ɗan Gumel ne, malamin makaranta, lokacin yana ƙaro karatu a Zariya, don haka wata huɗu muka yi a waya bai san kamannina ba. Hoton fulawa ne a kan lambata, kuma bai taɓa cewa in turo masa nawa ba. Wannan ya burge ni. Ni da wayata kan wuni ba ta yi ƙara ba sai in kamfani ne ke tallar waƙa, sai ga shi ina soya riɗi ido ɗaya a kasko ido ɗaya a waya. Sau biyu ina ƙona kaya saboda bawan Allahn nan.

Wata ranar Talata da hantsi ya turo saƙon murya mai tsawo a kan mahaifiyarsa.

"Ina ɗan shekara bakwai ta rasu. Ko hotonta ɗaya ba mu da shi. Wallahi Juwai, fuskarta ta ɓace mini. Abu guda ya rage a kaina, in ta yi dariya akwai wushirya."

Sai ya biyo da rubutu, har da 'yar alamar dariya: "Ke fa, kina da ita?"

Haƙorana a jere suke a matse kamar ƙwayar masara, ko tsinken sakace da ƙyar yake shiga. Na rubuta "A'a". Na kalli kalmar, na goge. Na rubuta "Eh, 'yar kaɗan", na tura.

Ku zage ni, na cancanta. Ni dai na ji mutum ya buɗe mini cikinsa, na kasa mayar masa da hannu wofi. Kuma gaskiyar da ta fi wannan, tsoro nake ji kada ya tafi in koma ni da Iya da darbejiya.

Nan take ya kira. "Allahu akbar. Na san ba banza Allah ya haɗa mu ba." Kafin mu ajiye waya ya ce saura sati uku su sami hutu, kuma daga Gumel Gagarawa zai fara zuwa.

Ranar Alhamis na ce wa Iya zan je Maigatari sayen riɗi mai sauƙi. Na dai sayi riɗin don kada ƙaryar ta yi yawa. Daga nan na nemi wata rumfa mai labule a bayan layin masu kayan kwalliya, wadda na taɓa jin 'yan mata na maganarta a gidan biki. Matar daga tsallaken iyaka take zuwa duk ranar kasuwa. Tana lalle, tana huda hanci, tana baƙanta dasashi, kuma tana buɗa wushirya.

"Ƙarama ko babba?" ta tambaye ni, kamar robar awo na zo saye.

"Ƙarama."

"Ƙarama ba ta fita a foto, ɗiyata. Bari in yi miki matsakaiciya."

Ta kwantar da ni a tabarma, kaina a cinyarta, ta ba ni tsumma in cije a gefe. Ta zaro wani siririn magagari daga gwangwanin madara, ta goge shi a zaninta. Ƙarar ba a kunne nake jin ta ba, a tsakiyar kaina nake ji. Hawaye na gangarawa cikin kunnena, ita kuwa tana hira da maƙwabciyarta a kan tsadar atamfa. Da ta gama na shafa leɓena na ji wani farin gari a yatsana. Sai da na daɗe ina kallonsa kafin na gane garin haƙorina ne. Ta miƙo mini ɗan madubi mai jan baki ta ce, "Duba. Madubin kado ne, kyauta na ba ki, ki tafi da shi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi kyau. Na yi murmushi na ga wata yarinya mai fara'a wadda ban sani ba. Amma a motar dawowa, iska ta shigo ta taga ta bugi haƙoran, na ji wani abu ya tsarga mini har ƙeya. Na ja mayafi na rufe baki na ce sabon abu ne, zai daina.

A Gagarawa ba wanda ya lura. Iya ba ta gani. Mijin Rahama kuwa tun da yake bai taɓa ɗaga ido ya kalli bakin yayar matarsa ba. Sauran mutanen gari ba su san haƙorana ba, don ba su taɓa ba ni dariya ba. Rahama ce kaɗai ta kama ni, ranar da na sa hotona a waya karo na farko a rayuwata. Ta kira ko gaisuwa babu.

"Yaya, yaushe kika haifi wushirya?"

"Ki rufa mini asiri, Rahama."

"Na rufa. Amma wallahi kin yi wauta."

Ranar da Abdulfatah ya zo na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara. Na turara jikina tun azahar, na shimfiɗa sabuwar darduma a zaure, na jera kantu a faranti da zoɓo mai sanyi. Shi kuma farar shadda ya sa da hula zanna, dogo ne siriri, ya fi muryarsa kunya. Muka gaisa kaina a ƙasa. Sai ya ce ashe masu kantu ma suna yi wa baƙo rowar fuska. Na ɗago na yi dariya.

Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Idonsa ya cika da ƙwalla.

"Irinta ce sak," ya ce.

Na ji daɗi, na ji kunya. Ba a taɓa kallona haka ba, kuma na san ba ni ake kallo ba.

Daga nan ciwon ya fara cin ƙasa a hankali. Ruwan randa ya gagare ni, sai na ajiye kofi a rana ya huce. Ɗanɗana kantu, wanda shi ne aikina, ya zama azaba, sukari na taɓa wurin sai in yi tsalle kamar na taka garwashi. Na koma gutsurar komai da gefen baki. A wata na biyar haƙorin hagu ya fara dusashewa, ya koma ruwan toka, yana bugawa da kansa ba tare da an taɓa shi ba. Sai wani ƙurji ya fito a dasashina ta sama. Leɓena ya kumbura ya ɗaga. Abdulfatah na neman kiran bidiyo, ni ina ce masa sabis ba kyau.

Iya ta shafa fuskata da tafin hannunta ta ce tsutsa ce ke cin haƙorin. Aka kawo wasu 'ya'yan itace aka zuba a garwashi, na lulluɓa da zani na buɗe baki a kan hayaƙin har na kusa shiɗewa. Tsutsa ba ta faɗo ba. Washegari ta canza magana ta ce baki ne, tun da aka ji na yi manemi ake yawo da sunana. Baffa Ubale kuma ya zo da tasa fatawar, wai wani direba a tasha ya ɗiga ruwan batir a nasa, bai sake jin ciwo ba. Ina jin su ina gyaɗa kai. Ni kaɗai na san inda ciwon ya samo asali, kuma ba abin da ya kai wannan kaɗaici, a kewaye ka ana neman maganin abin da kai ka san ba shi ba ne.

Shekaranjiya Litinin na kasa jurewa, na hau mota zuwa asibiti a Gumel. Ɗakin haƙori yana can ƙarshen baranda. Mai duba mu wata dattijuwa ce 'yar Filato, Madam Theresa, gajeriya mai tabarau a kan hanci, ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Kafin ta ce in buɗe baki sai da ta yi mini tambayoyi tana rubutu.

"Kina shan zaƙi?"

"Kantu nake sayarwa."

"To ai ke a cikin gidan ɓarawon kike kwana. Sukari in ya maƙale a haƙori, shi ke zama tsamin da ke huda shi. Ba wata tsutsa. In kin yi asuwaki kina ganin jini?"

"A'a."

"Madalla. Wanda ya fita yanzu, datti ne ya taru a gindin haƙoransa ya daskare, dasashin ya kumbura yana ja da baya, shi kuma yana ta zargin sanyi. Kina fasa aya ko ƙashi da haƙori? Kina buɗe kwalba? Kina dirza da gawayi?"

Na ce a'a. Na ƙara da cewa an ba ni shawarar ruwan batir.

Ta ajiye biro. "Wanda ya ba ki shawarar nan ki gaishe shi, ki ce na ce ya bari. Dasashi zai ƙone, ciwon kuma yana nan a ƙasa. Hau kujera."

Ta haska fitila a bakina. Ta ƙwanƙwasa haƙorin dama, na ɗan motsa. Ta ƙwanƙwasa na hagu, na damƙe hannun kujera.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Halitta ce," na ce, bakina a buɗe.

"'Yata, shekara ashirin da biyu ina leƙa bakin mutane. Wushiryar Allah gefenta sumul yake. Wannan ga sawun magagari nan ina gani."

Sai kuka ya ƙwace mini. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta miƙo mini auduga, ta jawo kujera ta zauna, ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce kowane haƙori yana da riga mai tauri a waje, kuma in ta tafi ba ta sake tsirowa. A ƙarƙashinta akwai wani sashe mai ƙananan ƙofofi da ke kaiwa ga jijiya, shi ya sa sanyi da zaƙi da iska suke shiga mini kai tsaye. A na hagu matar ta zurfafa, datti ya sami hanya, jijiyar ta mutu ta ruɓe a ciki. Ƙurjin da ke dasashina mugunya ce ke neman mafita. Na dama yana da rai tukuna.

"Za a cire?" na tambaya.

"In kin yi sauri, a'a. Zan rubuta miki takarda zuwa Dutse. Za su wanke cikin na hagu su cike shi, sannan su gina gefen duka biyun su rufe inda aka kankare."

"In an gina gefen, wushiryar fa?"

"Ta tafi."

"Ba za a iya gyarawa a bar ta ba?"

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ramin nan ai naman haƙorinki ne da aka ɗebe, kuma an ɗebi da yawa. Ko ki mayar musu da abinsu, ko ki rasa na hagu, na dama ya bi shi. Ga magani, zai saukar da kumburin amma ba zai warkar ba. Kada ki wuce sati biyu. In mugunyar nan ta bazu, ba maganar kwalliya za mu yi ba kuma."

Ta kira can, aka ba ni ranar Alhamis.

Na fito na zauna a gindin wata bishiya a bakin asibitin, takarda a hannu. Garin su Abdulfatah ne. Makarantar da yake koyarwa ba ta fi tafiyar minti goma a babur ba. Na fito da waya na kalli sunansa, na mayar cikin jaka, na nufi tasha. Ga shi ranar Asabar yayarsa Sharifa, wadda ta raine shi, za ta zo da gwaggonninsa su gan ni a tsayar da rana.

Bayan la'asar na ɗauki kujera na koma bayan ɗaki inda Iya ba za ta ji ba, na kira shi. Na faɗa masa komai, tun daga "A'a" ɗin da na goge har gwangwanin madara. Da na kai aya, sai ya ce:

"Wato ƙarya kika yi mini."

"Eh."

"A kan mahaifiyata, Juwairiyya."

"Eh. Ka yafe mini."

Ya kashe. Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba a wannan gaɓar. Na zauna ina kallon kaji suna tonon bola, haƙorin na bugawa.

Kafin magariba saƙonni suka fara shigowa. Ga su nan yadda ya turo, ban ƙara ko wasali ba.

"Na yafe miki don Allah."

"Amma kada kowa ya ji maganar nan."

"Ki bar toshewar sai bayan biki. Wata biyu ne kawai."

Na rubuta: "Likita ta ce kada in wuce sati biyu, zan rasa haƙoran."

"Haka suke tsorata mutane. Ki riƙa shan maganin."

"Na riga na gaya wa kowa a gida. Yaya Sharifa har kuka ta yi, ta ce Inna ce ta dawo mana. Da wane ido zan kalle ta?"

"Ki daure mini, Juwai."

'Yan uwa, na karanta saƙonnin nan daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama. Abu ɗaya nake nema. Na gaya masa leɓena ya kumbura, na gaya masa akwai mugunya, na gaya masa kwana huɗu kunu kawai nake sha. Ko a wuri ɗaya bai tambaye ni ko yana ciwo ba. Na san maraya ne, na san ni na ɗana wa kaina wannan tarkon da hannuna. Amma duk zaman shirun da na yi a gidan nan, ban taɓa jin ni kaɗai ce a duniya ba kamar lokacin da nake riƙe da wayar nan, ga mutum yana ta yi mini magana.

Kwana biyu ban ba shi amsa ba. Yau Laraba da safe na goge baƙar abayata, na sa takardar Madam Theresa a jaka, na kira Rahama ta ce za ta same ni a tashar Gumel mu wuce Dutse tare. Sannan na rubuta masa:

"Gobe za a toshe. In kun zo Asabar, bakin da aka haife ni da shi za ku tarar. Ni zan gaya wa Yaya Sharifa da kaina, ba sai ka sha kunya ba."

Ya buɗe saƙon ƙarfe tara da minti goma. Yanzu azahar ta wuce. Sau uku ina ganin alamar yana rubutu, sau uku tana ɓacewa.

Ɗazu Iya ta lallaɓo da sandarta ta tsaya a ƙofar ɗakina. Ba ta san komai ba tukuna, sai dai ta san gobe zan je asibiti.

"Juwairiyya, baƙin nan na Asabar su nawa ne? In sa a kama jan zakaran nan a ɗaure tun yau, kada ranar ya ba mu wahala."

Na kalli wayar. Ba komai.

"Iya, a bar shi ya yi kiwonsa tukuna."